Mai aikin rana, ka koma wa malfa

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a watan Maris, ya waiga gonakin rani na Kura da Kadawa, zai iya raba masu aikin gida biyu tun daga nesa. Dattawa na sanye da malfa. Samari kuwa, in ba hana-sallah ba, to kai a buɗe, ko wata tsohuwar riga da aka naɗe kai da ita. Aikina na malamin gona ya sa na daɗe ina shiga waɗannan gonaki, kuma a kan wannan magana ra'ayina ɗaya ne: dattawan ne suka yi daidai. Ba rashin kuɗi ne ya raba samarin da malfa ba, domin malfar kaba ba ta fi ƙarfin mai sayen hana-sallah da katin waya ba. Kunya ce ta raba su. An cusa musu cewa malfa ta baƙauye ce, ta mai bin shanu ce, ta tsoho mai jaki ce, su kuma suka yarda suka bar kawunansu a rana.

A tsaya a kalli mai noma da kyau lokacin da yake aiki. Ba a miƙe yake ba. A duƙe yake, fartanya a hannu, fuskarsa na kallon ƙasa. A haka bakin hana-sallah ƙasa yake yi wa inuwa, wurin da dama inuwar jikinsa ta riga ta rufe. Abin da ke kallon sama shi ne ƙeya da bayan wuya da saman kunnuwa, kuma duk a waje suke tun hantsi har la'asar. Haka mai dashen shinkafa yake, haka mai tsinkar tumatir, haka mai buga bulo da mai haƙar harsashin gini. Ita hana-sallah an yi ta ne don 'yan wasan besbol na Amurka, mutanen da ke tsaye suna duban gaba, kuma aikinsu take yi musu. Ban ce a jefar da ita ba, da babu gara ba daɗi. Amma wanda zai yini a duƙe yana buƙatar inuwar da ta zagaye kansa gaba da baya.

Ranar ƙasarmu kuma ba ta wasa. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa a ƙarshen Afrilu, da kuma cikin Agusta, rana kan tsaya cak a tsakiyar kai har mutum ya ga inuwarsa ta taru a ƙarƙashin ƙafafunsa. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafi ya haura digiri 40 a bazara ba labari ba ne. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, ma'aunin zafi a garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗun farko na watan, galibinsu tsofaffi. Ba ina nufin malfa za ta hana irin wannan ba. Wanda zafi ya buga har ya fara jiri da amai da ruɗewa, inuwa yake buƙata da ruwa a jiki da gaggawar zuwa asibiti. Amma leburan da aka ɗauka aikin yini ba shi da ikon barin rana, kuma a gonar rani sau da yawa ko bishiya ɗaya babu. Malfar da ke kansa ita kaɗai ce inuwar da ke binsa daga kunya zuwa kunya.

Abin da ya fi damuna ma ido ne. Mu baƙar fata mukan ce rana ba ta yi mana komai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ciwon dajin fata da ke addabar Turawa bai yawaita a cikinmu ba. Sai dai baƙar fata ba ta kare ƙwayar ido. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan shekara 40 zuwa sama, kusan kashi 43 cikin ɗari na makafin, kuma makantar ta fi yawa a Arewa maso Gabas. Tsufa ne babban dalilin yana, ciwon suga da shan taba suna ƙara mata gudu, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hasken nan mai ƙuna da ke cikin rana, wanda ido ba ya gani, ake kiransa UV, cikin abubuwan da ke jawo ta. Akwai kuma jan naman nan da ke tsirowa daga gefen ido ya doshi baƙin ido. Duk wanda ya zauna da manoma da masunta da 'yan acaɓa ya san shi, kuma rana da ƙura da iska ne ke rainonsa. Masana ido sun ƙiyasta cewa hula mai faɗin baki tana rage kusan rabin wannan haske kafin ya isa ido. Rabi ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yi shekara arba'in yana aiki a fili.

Ga 'yan uwanmu zabiya kuwa, maganar ta rai ce kai tsaye. Fatarsu ba ta da garkuwar da tamu take da ita, kuma ciwon dajin fata yakan kama su tun suna matasa, yawanci a kai da wuya da kunne, wuraren da malfa ke rufewa. Uban da Allah ya ba ɗa zabiya, ya saya masa malfa tun ranar da ya fara fita wasa, ya haɗa da riga mai dogon hannu, ya kuma je makaranta ya roƙi malamai su bar shi ya sa ta a filin taro.

To, in an tashi saye, me za a duba? Ni da baki nake farawa. A Ostireliya, ƙasar da ciwon dajin fata ya fi addaba, ƙungiyar yaƙi da cutar ta ce bakin hula kada ya gaza santimita 7.5, kuma makarantun firamare da yawa a can ba sa barin yaro ya yi wasa a rana in ba hula a kansa. Ba sai ka shiga kasuwa da awo ba. Jera yatsunka huɗu a kan bakin, in sun rufe shi sun yi saura, ya yi kaɗan. Faɗin da ya wuce haka kuma aikinka ne zai yanke maka. Makiyayi a fili fetal yana son wadda za ta rufe har kafaɗa. Mai shiga cikin dawa ko masara bayan sun yi tsawo, babbar malfa za ta riƙa maƙalewa a kara, matsakaiciya ta fi masa. Mai hawan dutse da jaka a baya shi ma haka, domin dogon bakin baya yakan dinga tokarar jakar yana turo hular kan idonsa.

Sai saƙa, kuma nan ne ake gane ta ƙwarai. Wani dattijo mai sayar da malfa a kasuwar Wudil ne ya nuna mini gwajin da nake yi har yau. Ya ga ina juya wata a hannu ina duban adonta, sai ya karɓe ta ya ɗaga ta sama. "Malam, ba ta waje ake dubawa ba. Kalli rana ta cikinta. In hasken da ke ratsowa kamar tsakin gero ne, ta yi, iska za ta shiga rana ba za ta shiga ba. In ya kai ƙwayar wake, ajiye ta." Na ce, "Baba, to wadda ba ta nuna haske ko kaɗan fa?" Ya ce wannan ta fi ƙarko amma ta fi zafi, sai mai haƙuri. Sannan ya lanƙwasa bakin da babban yatsa ya sake shi, ya koma yadda yake ba tare da ƙara ba. Ya ce in ka ji ƙas-ƙas, kabar ta tsufa ko an bar ta ta bushe fiye da kima, ba za ta ga kaka ba. Daga nan ya kifa ta ya nuna mini tsakiyar ƙoƙon, inda aka fara ɗinki, da gefen baki, inda aka ƙare. Malfa ta waɗannan wurare biyu take mutuwa. In baduku ya bi gefen da fata ya kuma rufe ƙoƙon, kuɗinta zai ƙaru, amma za ta binne irinta biyu ko uku marasa fata. A shinshina ta kuma. Warin funfuna na nufin ta sha ruwa a ajiye.

Maɗauri ba ado ba ne. Iskar da ke zuwa gaban hadari a watan Mayu da Yuni ba ta barin malfa a kan kowa, kuma wanda ke riƙe hula da hannu ɗaya ba zai yi aiki ba. Tsirkiyar fata mai ƙulli da ake ja sama da ƙasa a ƙarƙashin haɓa ta fi igiyar roba, wadda ke saki bayan 'yan makonni ta kuma ci fata in an yi gumi. Da maɗauri ne kuma mutum zai tura malfar ta koma bayansa in ya shiga inuwa ko zai yi alwala, ba sai ya ajiye ta a ƙasa akuya ta same ta ba. Girman ƙoƙo shi ma a gwada shi a kai, a bar wurin da yatsa ɗaya zai shiga tsakanin goshi da hula. Wadda ta matse tana kawo ciwon kai kafin azahar. Da yawa daga cikin dattawan da nake gani suna sa 'yar hula marar nauyi ko ƙyalle a ƙarƙashi don ya sha gumi, in rana ta take su jiƙa ƙyallen a ruwan kwata su mayar. Iskar da ke ratsa kabar tana busar da shi, kai ya yi sanyi. Wannan dabara ba ta yiwuwa da hular roba da ba ta numfashi.

Kulawarta ba wuya. Da hunturu a riƙa yayyafa mata ruwa jefi-jefi don kada ta bushe ta karye. In ta jiƙe a shanya ta a inuwa, a kife a kan ƙwarya ko tulu don ƙoƙon ya riƙe siffarsa. A rataye ta a ƙusa, kada a jingine ta da bangon ƙasa inda gara za ta same ta.

Duk son da nake wa malfar kaba, ba zan ce ta kowane lokaci ba ce. Yayyafi ba ya mata komai, amma ruwan Agusta na kwana da kwanaki yana sa ta nauyi, ta saki, ta yi baƙi. Ba ta naɗuwa a sa a jaka. Wanda aikinsa na damina ne, ko mai tafiya daji ya kwana, kamar masu safiyo da ma'aikatan gandun daji da matasan da yanzu suke haɗa ƙungiya su hau Dutsen Kufena ko duwatsun Shere na Jos, malfar yadi ta fi masa, irin mai baki zagaye da ake gani a kan sojoji. A nan ma akwai zaɓi. Ta auduga mai kauri tana da daɗi a zafi kuma tana jure ƙaya, sai dai in ta jiƙe takan daɗe ba ta bushe ba, bakinta ya faɗo kan fuska. Ta nailan ba nauyi, tana bushewa kafin a gama cin abinci, amma ba ta son tartsatsin wuta. Wadda aka ce ruwa ba ya ratsa ta sam, gumi ma ba ya fita, don haka ta ranar ruwa ce kawai, kada a yi kuskuren yini da ita a bazara. A duba 'yan hudojin iska ko raga a gefen ƙoƙo, a duba layukan ɗinki a kan baki, domin yawansu ne ke sa ya tsaya. In an ga UPF 50 a jikin takardar, ma'anarsa yadin yana tare kashi 98 cikin ɗari na hasken nan mai ƙuna, amma takarda kowa na iya liƙa ta, gwajin ɗaga hula a kalli rana yana aiki a kan yadi ma. A cikin gwanjon Ƙofar Wambai akan tsinci masu kyau in an yi haƙurin tonawa, kuma tsohuwa mai ƙarfin ɗinki ta fi sabuwa mai sheƙi da za ta kwance a wanki na biyu.

Launi na waje ya zama mai haske, fari ko ruwan ƙasa. Ƙarƙashin baki kuwa duhu ya fi, musamman ga masunta a Yawuri ko Tafkin Chadi da masu aiki cikin ruwan shinkafa, domin hasken da ruwa ke maidowa sama yakan daki farin yadi ya koma ido. Mai hawa Mambila ko tsaunin Chappal Waddi, wanda ya kai mita 2,419, kada sanyin wurin ya ruɗe shi. Hasken mai ƙuna yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a duk mita 1,000 da aka hau, kuma gajimare marar kauri ba ya tare shi. Ya tafi da malfa don rana, da hular sanyi don dare.

Akwai wuri biyu da ba na son ganin malfa kowace iri. Ɗaya kan babur, ɗaya ƙarƙashin gini ko cikin ramin haƙar ma'adinai. Nan hular kwano ce, ba ta da madadi. Lokacin da aka tilasta wa masu babur sa ta a Najeriya a farkon 2009, an ga masu babur da suka kifa ƙoƙon duma a kai don su wuce jami'ai, kuma har yau da yawa suna ganin dokar ce abokiyar gaba ba kwalta ba. Leburan gini da ke ƙorafin hular kwano ba ta rufe wuya, ya sa ƙyalle a ƙarƙashinta ya sauko kan ƙeya.

Mata ma ana mantawa da su a wannan zance, alhali su ne ke yini a masussuka da wurin shanyar shinkafa, da yawansu cikin baƙin hijabin roba da ke tara zafi. Malfa a kan mayafi ba ta rage sutura da komai. Haka yaran da ake tura kiwo da talla.

Maganar ƙauyanci kuwa ba ta da tushe ko a cikin al'adarmu. A je hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau a ga mahaya da malfa a kan rawani, an yi mata ado da jar fata, wata har da gashin jimina. Hawan Kano ɗin nan UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a Disambar 2024. Abin da hakimi ke sawa a gaban sarki ba zai zama abin kunya a kan ɗan talaka a gona ba. A waje ma haka ne. Hular da duniya ke kira ta Panama a ƙasar Ekwado ake saƙa ta da ganyen wani tsiro mai kama da kaba, mai kyau takan ci watanni a hannun masaƙi, kuma UNESCO ta karrama sana'ar tun 2012. Ƙasar Lesoto malfar ciyawarta ta sa a tsakiyar tutarta. Mu muna da goriba daga Gulbin Kaba a yankin Mayahi na jihar Maradi har zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, muna da dukawa, muna da fatar jar akuyar Sakkwato da duniya ta sani, amma muna jiran kwantena ta kawo mana hular da wani ya gama sawa.

Masu saƙar su ma da nasu gyaran. Yawancin malfar kasuwa girma ɗaya ake yi mata, kamar kan kowa ɗaya ne, cikinta kuma yakan soki goshi. A yi ta ƙarama da matsakaiciya da babba, a ɗinka yadi mai laushi a zagayen ciki, a sa maɗauri tun daga hannun mai yi, a yi ta yara. Saurayin da ke gudunta zai dawo in ya ga ta zauna masa daidai. Masu yankan kaba kuma su riƙa barin wasu tushe su girma, domin goribar da ake aske wa ganye kowace shekara ba ta zama bishiya, kuma in babu manyan da za su zubar da 'ya'ya, sana'ar ce za ta ƙare.

Kirana na ƙarshe ga masu ɗaukar mutane aiki ne: masu manyan gonaki, 'yan kwangila, masu gidan bulo, da hukumomin da ke tsayar da ma'aikata a kan titi. Ƙasar Katar ta haramta aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Iyayenmu ba su jira doka ba, sukan fita bayan asuba, su dawo in rana ta take, su koma da la'asar. In aikinka ba zai bari ka ba lebura wannan hutu ba, to ka ajiye masa randar ruwa a bakin gona, ka kafa rumfa ko ta kara ce, ka kuma sa malfa cikin kayan aiki kamar yadda kake sa fartanya da shebur. Kai kuma mai aikin, kada ka jira a ba ka. Ka shiga kasuwar garinku kafin Maris, ka jera yatsu huɗu a baki, ka ɗaga ta ka kalli rana, ka sayi mai maɗauri.